Sunan Hindatu ya haɗa ni faɗa da mijina

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Ina da ciki wata takwas, haihuwa ta biyu, na farin namiji ne. Da muka je sikanin aka ce mace ce, tun a mota mijina yace alhamdulillah Hajiya ta dawo, wato sunan mahaifiyarsa zai saka, ta rasu shekara biyu kenan, sunanta Hindatu. Ni kuma wallahi tun muna Islamiyya bana son sunan nan saboda labarin matar da ta tauna hantar Sayyidina Hamza, sannan wata ƙawata tace ai ma asalinsa sunan Indiyawa ne masu bautar shanu, Hindu. Nayi ta dannewa har ranar Juma'a da ya sake ɗauko maganar, nayi suɓutar baki nace ni dai ba za a saka wa 'yata sunan mai cin hantar mutane ba, suna linzami ne. Bai ce min uffan ba ya ɗau hularsa ya fita. Yau kwana biyar gaisuwa kawai ke haɗa mu, in na kai abinci yace ya ƙoshi. Anti tsakani da Allah meye ma'anar sunan nan, kuma ya zanyi ya canja ra'ayi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sauke ki lafiya, Allah ya jiƙan Hajiya ya kai haske kabarinta.

Tambaya biyu kika min. Ta ma'anar suna zan amsa miki har sai kince ya isa haka, amma ta biyun, dabarar da za ki sa ya canja ra'ayi, gaskiya ba da ni ba, kuma ina sa ran kafin ki gama karantawa ke da kanki za ki janye ta.

Bari in fara da abin da ya hana bawan Allahn nan cin abincinki. Ke a ranki wata mata kike nufi ta Makka wadda ta bar duniya sama da shekara 1400, shi kuwa Hindatu ɗaya ya sani, wadda ta goya shi ta yi ɗawainiyarsa har ya zama mutumin da kika gani kika ce kina so, wadda ya raka makwancinta shekara biyu da suka wuce kuma har yau in ya tuna sai ya haɗiye wani abu. Da kika ce sunan mai cin hantar mutane kunnensa bai je Uhudu ba sam, ɗakin uwarsa ya tafi. Shirun nan da ya yi ya ɗau hula ya fita ki gode wa Allah da shi, wani namijin da yanzu daga gidanku kike rubuto min da tsohon cikinki.

Toh ma'ana. Hind kalmar Larabci ce tsantsa, tun kafin Musulunci Larabawa ke raɗa wa 'ya'yansu ita. A manyan ƙamus na Larabci hind da hunaida garken raƙuma ne mai yawa, ɗari, wasu suka ce hind ɗin har ɗari biyu yake kaiwa. Kar kiyi tsaki kice ashe ma sunan dabbobi ne, ki tuna su waye mutanen. Balaraben wancan lokacin raƙumi ne bankinsa shi ne motarsa, da shi ake biyan sadaki, diyyar ran mutum ma raƙuma ɗari ce cur. Mutum ya kalli jaririyarsa ya kira ta da sunan raƙuma ɗari me yace kenan? Yace ke ce dukiyata kaf. Kamar Bafulatani ne ya dubi 'yarsa yace ke ce garkena. Mu ma ai muna da irinsa, su Yalwa da Wada da Arzika.

Maganar ƙawarki kuwa, kama da wane ba wane ba ne. Eh Larabawa suna ce wa ƙasar Indiya al-Hind, amma wannan daga sunan kogin Sindhu ya fito, Farisawa suka juya harafin farko, daga nan sunan ƙasar da na addinin suka samo asali. Hanyarsu daban, kamar garin da ake zama ne da garin da ake tuwo. Mu kuma Hausawa bakinmu baya son suna ya tsaya masa a kan baƙi, Zainab muka ce Zainabu, Bilƙis muka ce Bilkisu, Hind ta zama Hindu, sannan aka bi sahun su A'ishatu da Hadizatu da Salamatu aka ce Hindatu, a Nijar da Chadi kuma ki ga an rubuta Hindou ko Hindatou da rubutun Faransanci. Duk wanda ya taɓa zama a zaure karatun nahawu ya san ta, in an ce ƙama Zaidun sai a ce ƙamat Hindun, a cikin Ajuruma har jam'inta yana nan, ƙamatil Hindatu. Shekara ɗaruruwa malamanmu na biya wa ɗalibai wannan sunan ba wanda ya taɓa yin a'uziyya a kai.

Yanzu ni ma in tambaye ki. A Islamiyyar nan taku ai kun haddace matan Manzon Allah SAW, toh meye sunan yanka na Ummu Salama? Na san kin yi shiru, ba ke kaɗai bace, da yawa alkunyar kawai muka riƙe. Sunanta Hind bint Abi Umayya. Hindatu ce. Uwar muminai, uwarki uwata.

Kuma ki zauna kiji wacece. Babanta mutumin Banu Makhzum ne da ake wa laƙabi da Zadur Rakbi, wato guzurin matafiya, saboda in kuna tafiya tare baya yarda kowa ya ɗauki guzuri, shi zai ciyar da ayari duka. Ita da mijinta na farko Abu Salama suna cikin na farkon shiga Musulunci, sun yi hijira zuwa Habasha, suka dawo, da aka zo hijirar Madina ya ɗora ta a raƙumi da ɗansu Salama, danginta suka tare hanya suka ce kai dai ka fi ƙarfinmu amma 'yarmu ba inda za ta, suka ƙwace ta, dangin mijin kuma suka fusata suka ce toh ɗanmu ma ba zai zauna a hannunku ba, aka yi ta jan yaron nan tsakanin gida biyu har hannunsa ya goce. Miji a Madina, ɗa a gidan dangin uba, ita a gidansu. Kullum da safe ta fita wani wuri da ake kira Abɗah ta zauna tana kuka har yamma, kusan shekara guda a haka, kafin wani ɗan uwanta ya ji tausayi yace ku ƙyale baiwar Allahn nan mana. Aka mayar mata da ɗanta ta hau raƙumi ita kaɗai da yaro a cinya ta nufi Madina, tafiyar sama da kilomita 400 a sahara ba ɗan rakiya, sai a Tan'im, inda alhazai ke zuwa ɗaukar haramar umra yanzu, ta haɗu da Usman bin Ɗalha wanda a lokacin ko musulunta bai yi ba, ya ja mata akala har ƙauyen Ƙuba ya nuna mata inda mijinta yake ya juya.

Abu Salama ya samu rauni a Uhudu, raunin ya tashi daga baya ya rasu a shekara ta 4 bayan hijira. Addu'ar nan da muke yi in an yi mana rashi, Allahumma'jurni fi musibati wa akhlif li khairan minha, ta bakinta ta iso mana. Ita da kanta tace da za ta faɗa sai da ta ce a ranta wa ya fi Abu Salama kuma, amma ta faɗa ɗin, sai Allah ya musanya mata da Manzon Allah. Ina da yaƙinin ranar da Hajiya ta rasu an yi wannan addu'ar a gidan su mijinki, wataƙila ma ke kika tuna masa ita, addu'ar da Hindatu ta ruwaito.

Ranar Hudaibiyya kuma, shekara ta 6, da aka gama sulhu sahabbai ransu ya ɓaci an hana su shiga Makka, Annabi yace su tashi su soke hadayarsu su yi aski, har sau uku ba wanda ya motsa saboda baƙin ciki. Ya shiga wajenta ya gaya mata. Tace ka fita kar ka yi wa kowa magana, ka soke taka ka kira mai aski ya aske ka. Ya fita ya yi hakan, mutane suka miƙe suna rige-rige har kamar za su ji wa juna ciwo wajen aski. Shawarar mace ɗaya ta fitar da mutum kusan 1400 daga hatsarin saɓa wa Annabi. Ta yi tsawon rai, ita ce ta ƙarshen rasuwa cikin matansa, ta kai har lokacin da labarin Karbala ya iso Madina a shekara ta 61, kuma an ƙirga mata hadisi 378. In linzami kike nema wa 'yarki ga shi nan.

Sannan ki lura da wani abu. Annabi SAW baya barin mummunan suna, in ya ji sai ya canja. 'Yar Sayyidina Umar sunanta Asiya mai ma'anar mai saɓo, ba irin na matar Fir'auna ba dan Allah kar masu sunan su taso min, harufansu daban ne a Larabci, ya mayar da ita Jamila. Barra ya mayar Zainab, wata Barrar kuma Juwairiyya. Amma Hind ya aure ta ya zauna da ita har ya bar duniya bai taɓa sunan ba.

Mu dawo kan wadda ta tsaya miki a rai, Hind bint Utba matar Abu Sufyan. Bazan wanke abin da ta yi a jahiliyyarta ba, ta yi gaba da Musulunci gaba mai tsanani. A Badar, shekara ta 2, babanta Utba da baffanta Shaiba da ɗan uwanta Walid su ukun ne suka fito neman fito-na-fito, Hamza da Aliyu da Ubaida suka fito musu, su Utba ɗin duka ukun aka kashe su da safiya ɗaya. Da wannan wutar ta zo Uhudu shekarar da ta biyo baya. Labarin hanta yana cikin littattafan sira, wasu malaman hadisi kuma sun yi magana a kan ingancin isnadinsa, amma mu ɗauka ma ya faru yadda aka karantar da ku. Malaminku a nan ya rufe littafin? Ai labarin bai ƙare ba. Shekara ta 8 da aka buɗe Makka ta zo ta yi mubaya'a, kuma maganarta tana cikin Bukhari, tace ya Rasulallah da babu mutanen wani gida a bayan ƙasa da nake so su ƙasƙanta kamar mutanen gidanka, yau kuma babu waɗanda nake so su ɗaukaka kamar su. Annabi ya karɓa. Shi fa aka kashe wa baffa, shi ya tsaya a kan gawar Hamza ya ga abin da aka yi mata, ya karɓi matar nan a matsayin musulma, Wahshi ma da ya jefa mashin da ya kashe Hamza ya musulunta an karɓe shi har daga baya ya kashe Musailama maƙaryaci a yaƙin Yamama. Toh ni da ke da muka ji labarin a kan benci muna cin gyaɗa, mun fi shi jin zafin Hamza ne? Sahabiya ce, radiyallahu anha ake ce mata, ita ta haifi Mu'awiya, kuma a yaƙin Yarmuk tana cikin matan da suka tsaya bayan rundunar musulmi suna kora duk wanda ya juyo.

Wani abin dariya ma, matan yanzu da ke mita a kan kuɗin cefane duk suna cin albarkacinta basu sani ba. Ita ce ta je ta ce wa Annabi Abu Sufyan mutum ne mai maƙo, baya ba ni abin da zai ishe ni da ɗana sai in na ɗauka bai sani ba, yace ki ɗauki abin da zai ishe ki ke da ɗanki gwargwadon yadda aka saba. Har yau in malaman fiƙihu suka zo babin ciyarwa da wannan hadisin suke kafa hujja. Ban ce ki je ki laluba aljihun kowa ba fa, musamman a satin nan.

Akwai kuma Hind bint Amr, gwaggon Jabir bin Abdullah, matar Amr bin Jamuh gurgun nan da ya dage sai ya fita Uhudu. Rana ɗaya ta rasa miji da ɗa da ɗan uwa, duk shahidai. Kinga a filin Uhudu ɗin ma ba Hindatu ɗaya bace.

A zamanin nan ma sunan bai yi ƙarancin mutanen kirki ba. Hind al-Husseini 'yar Ƙudus ce, a watan Afrilu na 1948 ta tsinci yara 55 a titi cikin tsohon birni, marayun da aka kashe iyayensu a ƙauyen Deir Yasin, ta kwashe su duka ta kai gidan kakanta ta mayar da shi gidan marayu da makaranta, Darul Ɗifl al-Arabi, a kan wannan aikin ta ƙare rayuwarta har ta rasu a 1994. A maƙwabtanmu Chadi akwai Hindou Oumarou Ibrahim, 'yar Fulanin Mbororo mai fafutukar makiyaya da matsalar sauyin yanayi, ita aka zaɓa ta yi magana da yawun ƙungiyoyin farar hula ranar da aka sa hannu a yarjejeniyar Paris a Majalisar Ɗinkin Duniya a 2016. Da Hind Rajab, yarinyar Gaza da bata wuce shekara 6 ba, da aka kashe a Janairun 2024 bayan ta shafe awanni a mota cikin gawawwakin danginta tana roƙon masu agaji a waya su zo su ɗauke ta, na tabbata muryarta ta wuce ta wayarki kin yi hawaye, baki tsaya kince ai sunan mai cin hanta gareta ba.

Suna linzami ne, ban musa ba, har da hujja. Kakan Sa'id bin Musayyib sunansa Hazn, mai ma'anar tsauri, Annabi yace kai Sahl ne, yace ba zai canja sunan da ubansa ya sa masa ba, Sa'id yace tsaurin nan bai bar gidansu ba. Amma ki duba da kyau, ma'anar kalmar ce abin gudu, ba wai wani mugu ya taɓa amsa sunan ba. In da haka ake yi da an daina sa Abdullahi, tunda shugaban munafukan Madina Abdullahi bin Ubayyu ne, da an daina Abdurrahman tunda wanda ya sari Sayyidina Aliyu a masallacin Kufa Abdurrahman bin Muljam ne, alhali su biyun nan ne sunayen da Allah ya fi so. Ki ƙirga Abdullahi nawa ne a danginku.

Ta fuskar haƙƙi kuwa, malamai sun ce in uwa da uba suka saɓa a kan suna maganar uba ce ke gaba, tunda da sunansa ake kiran ɗan. Shi ma dai ban ce bai da nasa ba, ya kamata ko a fatar baki yace ya kika gani, ke ke ɗauke da nauyin wata takwas ƙafa a kumbure, ba a yanke a mota kamar ana sanar da ke ranar ɗaurin aure ba. Amma wannan ƙorafin ki ajiye shi tukunna, yanzu ke ake bi bashi.

Yau ɗin nan, ba gobe ba, in ya dawo yaron ya yi barci ki same shi. Ba ta WhatsApp ba, ba ta bakin ƙawa ba, kuma kar ki je da dogon bayani kina kare kanki da abin da aka koya muku a Islamiyya. Ki ce masa na yi suɓutar baki, wallahi ba Hajiya nake nufi ba, amma na san inda maganar ta faɗa, ka yafe min. Ki yi shiru daga nan. In bai sake a take ba kar ki hau fushi kice ai na bada haƙuri, kwana biyar ya yi yana juya maganar nan, ki bashi lokaci. Da Juma'a ki dafa wani abu ko ƙosai ne ki saya a rabar sadaka da niyyar ladan ya kai wa Hajiya, ki bari ya gani da idonsa ba sai kin yi shela ba. Sannan kalmar nan ta mutu a ɗakinku, kar ki kuskura ki ba wa kowa labari da sunan neman shawara, in ta shiga kunnen ƙannensa mata kin sayi abin da za a riƙa tuna miki har ranar auren yarinyar. Ƙawar taki ma ki rage kai mata zancen gidanki. Kuma ki rage sa abin a rai, tsohon ciki da damuwa basa shiri, ki je awonki a duba jininki.

Ni abin da ya bani dariya a wasiƙarki, sunan da kike ta yaƙi a kai ke ce ta ƙarshen da za ta furta shi. Yaushe matar Bahaushe ta fara kiran sunan surukarta gatsau? Shi kansa ba zai iya ba. Ranar suna liman zai faɗa sau ɗaya a raba goro da dabino, maroƙi ya maimaita, daga nan sai takardar haihuwa da rajistar makaranta, a gida kuwa Ummi ce ko Mami ko Ammi ko Walida. Toh in kun shirya, bayan kwana biyu ba a daren ban haƙurin ba, ki roƙe shi ya bar miki zaɓin alkunya, zai bar miki da gudu. In da ni ce Ummu Salama zan ce, a riƙa kiranta Ummu ko Salma, in ta girma ta tambaye ki dalili ki zaunar da ita ki bata labarin Abɗah da Hudaibiyya. In Allah ya kawo wata macen gaba kuma sai ki nemi a saka sunan taki mahaifiyar, namijin da aka yi wa kara a kan uwarsa da wuya ya hana.

Kuma sikanin nan fa yana kuskure wani lokacin, kar a gama wannan rigimar a haifo ƙato. Ko da yake ko nan baki tsira ba, Sayyida Khadija tana da ɗa namiji da ta haifa kafin aurenta da Annabi, sunansa Hind bin Abi Hala, shi ne Sayyidina Hasan ya je ya tambaya ya siffanta masa kamannin kakansa. In an sauka lafiya ki sanar da ni, kuma a ajiye min nawa soyen.